Me ya sa taurarina suke yin wutsiya duk bayan gusawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina ɗaukar hoton taurari daga saman benenmu a Barnawa, da madubin hange mai milimita 400 da ƙaramin madubin rakiya mai milimita 120, wanda kyamararsa ke bin tauraro ɗaya don manhajata PHD2 ta riƙa gyara motsin madubin. Rakiya tana tafiya lafiya, amma duk sa'ad da aka ɗan gusa da hoton tsakanin ɗauka da ɗauka, hoton da ke biye sai taurari su fito da wutsiya. Na kashe gusawar, sai kuma da na haɗa hotunan rukunin taurarin Oriyon na ga zane-zane masu launi kamar ruwan sama a jikin gilashi. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Maida gusawar nan, ba ita ce mai laifi ba. Kowace kyamara tana da fiksel masu zafi da ke haske a wuri ɗaya a kowane hoto. Sama kuwa tana ɗan zamewa daga hoto zuwa hoto, don haka idan ka daidaita hotunan bisa taurari, waɗancan ɗigogi sai su jeru su zama layi. Ruwan saman da ka gani ke nan. Gusawa tana watsa su barkatai, manhajar haɗa hotuna ta gane su ta zubar.

Wutsiyar kuma, ina kyautata zaton sako-sakon haƙoran giya ne a mazaunin madubinka, wato injin da ke ɗauke da shi yana juya shi, a ɓangaren da ke motsa shi arewa da kudu. Ka san sitiyarin tsohuwar mota, wanda sai ka murɗa shi kaɗan kafin taya ta amsa? Haka mazaunin madubinka yake. Bangaren gabas da yamma ba ya fama da wannan sosai, domin injinsa kullum gaba yake yi, rage gudu ko ƙarawa kawai ake masa. Na arewa da kudu kuwa a tsaye yake, in aka ce ya juya baya sai ya cinye gibin haƙoran tukuna. Manhajar tana ta aika umarni, shiru, sannan kwatsam ya zabura ya wuce wuri. Dubi jadawalin PHD2 bayan gusawa: in jan layi (na arewa da kudu) ya daɗe a gefe guda alhali shuɗin (na gabas da yamma) ya koma tsakiya, to ka kama ɓarawonka.

Fara da lissafi, domin da yawa a nan suke tuntuɓe. Adadin gusawa da fiksel ɗin kyamarar rakiya ake auna shi, ba na babbar kyamara ba. Don sanin faɗin saman da kowane fiksel ke ɗauka, ninka girman fiksel (a maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita) da 206, ka raba da tsawon madubi a milimita. In kyamarar rakiyarka irin ASI120MM ce mai maikiron 3.75, a milimita 120 kowane fiksel ya ɗauki kusan daƙiƙar kusurwa 6.4 (daƙiƙar kusurwa kashi ɗaya ce cikin 3,600 na digiri). Babbar kyamara mai maikiron 4.3 a milimita 400 kuma kusan 2.2 ne. Wato ɗaya a can uku ne a nan. Ka sa 5, kana tura hoton har fiksel 15. Sauke shi zuwa 3 ya ishe ka, mazaunin ma zai fi saurin natsuwa.

Sai jira. Kada babbar kyamara ta buɗe ido kafin tauraron rakiya ya zauna. Ni nakan ce ya tsaya cikin fiksel 1.5 na daƙiƙa 10, in ba shi wa'adin daƙiƙa 60 zuwa 90. In ka matsa sharaɗin da yawa, wa'adi zai ƙare bai cika ba, wasu manhajojin kuma su ci gaba da ɗauka a hakan. In gajerun hotuna kake yi, gusawa bayan kowane biyu ko uku ta wadatar.

In duk da haka jan layin bai daina taurin kai ba, PHD2 tana da zaɓin gusawa ta gabas da yamma kaɗai. Bai kai gusawa ta fuska biyu gogewa ba, amma ya fi babu nesa ba kusa ba. Mataimakin rakiya da ke cikin manhajar zai kuma auna maka gibin, ya ba ka adadin da za a cike.

Akwai kuma abin da ya shafe mu a Kaduna. Muna wajen digiri 10.5 arewa da ikwaita, tauraron arewa ma iyakar tsayinsa ke nan daga ƙasa. Katangar makwabci ko bishiyar mangwaro ta isa ta tare shi, balle hazon hunturu a Disamba da Janairu, daidai lokacin da Oriyon ya fi kyau. Da tauraron arewa aka saba saita mazaunin madubi; in ba ka ganinsa, kada ka saita da kintace. Yi saitin zamewa da ke cikin PHD2, wanda ba ya bukatar ganin tauraron. Gwajin farko na manhajar kuma, wanda take koyon yadda mazaunin ke amsa umarni, ka yi shi a taurarin nan uku na ɗamarar Oriyon idan sun zo tsakiyar sama, kusan digiri 80 a wurinmu, inda motsin ya fi fitowa sarai. Bar kyamarar rakiya a daƙiƙa 2 ko 3, kada ta riƙa bin rawar iska.

Saman bene ma da nasa halin. Na taɓa kwana ina zargin haƙoran giya, ashe takuna ne a kan rufin benen ke girgiza ƙafafun madubin duk sa'ad da na taso duba allo. Ka zauna wuri ɗaya, ka ɗaure wayoyi kada su ja, janareta kuma ya tsaya a ƙasa.