Tambayi Likita: Gwiwoyin Mahaifiyata da Sanyin Jos

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifiyata tana da shekara 62, kuma gwiwoyinta sun daɗe suna damunta, musamman idan hunturu ya shigo. Da asuba takan ɗauki lokaci kafin ta miƙe, ruku'u da sujada sun zame mata wahala, har ta daina zuwa kasuwar Farin Gada. Muna sayo mata haɗin magani a kemis, ya lafa kwana biyu ya dawo. 'Yan uwa suna cewa sanyin Jos ne ya shige mata ƙashi, wai mu mayar da ita Kano. Mene ne shawararka?
Daga wata mai karatu, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ba Hajiya lafiya. Abin da kika bayyana ya yi kama da amosanin gabbai irin na manyanta, wanda ke faruwa idan guringuntsin da ya lulluɓe bakin ƙasusuwa ya zaizaye, har motsin da a da yake tafiya sumul ya koma gogayya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane kusan miliyan 528 ne ke fama da shi, mata sun fi yawa a cikinsu, kuma gwiwa ce gaɓar da ya fi kamawa. Sanyi yana sa gaɓa ta sanƙare, ciwon ya ƙara fitowa fili, amma ba shi ne ya cinye guringuntsin ba, saboda haka komawa Kano ba zai dawo da shi ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne haɗin kemis ɗin nan. Sau da yawa a cikin irin wannan ƙullin ana haɗa diclofenac da ibuprofen tare, wani lokaci har da prednisolone ko dexamethasone, kuma shi ya sa mutum yake jin kamar an zare masa ƙaya. Sai dai shan su kullum yana iya jawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda, ya ɗaga hawan jini, prednisolone da dexamethasone kuma suna tayar da sukari su raunana ƙashi. Ku kai ragowar ƙwayoyin asibiti a duba su, domin idan ta daɗe tana shan prednisolone ba a yanke shi farat ɗaya, a hankali likita yake rage shi. Kafin nan, farasitamol da man shafawa na diclofenac sun fi sauƙin haɗari ga mai shekarunta.

Sannan kada ku bar ta ta zauna wuri ɗaya da sunan tausayi. Mun saba idan uwa ta manyanta a ce ta huta, jikoki su ɗauko mata komai, alhali naman cinya shi ne ke tallafe gwiwa, kuma zama yana narkar da shi. Ta zauna a kan kujera, ta miƙe ƙafa ɗaya sambal, ta riƙe ta har ta ƙirga goma, ta sauke a hankali, ta maimaita sau goma a kowace ƙafa, safe da yamma. Ta kuma riƙa ɗan tattaki a wuri mai shimfiɗa bayan rana ta ɗaga, ba hawan duwatsun unguwa ba. Idan tana da jiki, kowane kilo ɗaya da ta rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a duk taku.

Da asuba a jiƙa tawul da ruwan ɗumi a ɗora mata na minti 15 kafin ta tashi, alwala ma a ɗumama mata ruwa. Tsugunno a banɗaki yana cikin abubuwan da suka fi cutar da irin wannan gwiwa, don haka a sa kafinta ya yi mata kujera mai rami a tsakiya. Idan za ta riƙe sanda, ta riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen ƙafar da ta fi ciwo ba. Batun salla kuwa, hadisin Imrana bin Husaini a cikin Bukhari ya ba wanda bai iya tsayuwa ba damar ya yi a zaune.

Akwai alamun da ba a jira da su. Idan sanƙarewar safe tana wuce awa guda, ko yatsun hannayenta biyu suna kumbura tare, to ana iya samun wani nau'in amosanin da garkuwar jiki ke haddasawa, wanda maganinsa daban ne kuma jinkiri yana lalata gaɓa. Idan kuma gwiwa ɗaya ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, a ranar za a kai ta asibiti. Ko babu waɗannan, ku nemi ganin likitan ƙashi da masu gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, a ɗauki hoton gwiwar, a kuma gwada mata jini da ƙoda.