Kirarin direba da waƙar hanya: amsa ga ɗan ƙanwata

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa, saƙonka ya iso. Na yi murna da jin maigidanka ya yaye ka, ya danƙa maka makullin motar Kosta mai jigila tsakanin Marwa da Kuseri a nan arewacin Kamaru. Allah ya sanya albarka, ya kiyaye hanya. Abu biyu ka tambaye ni. Ka ce abokanka sun matsa lallai a kira maroƙi ranar walimar yayenka ya yi maka kirari, kamar yadda suka ji ana yi wa manyan direbobin da. Ka kuma ce kana da murya, kana rera waƙa idan kana tuƙi har fasinja suna cewa ka ɗauka ka sa a waya, amma mahaifiyarka ta haɗe rai ta ce gidanmu ba a gaji roƙo ba. To, tunda ni na tsufa a bayan sitiyari, bari in gaya maka yadda muka tarar da abin.

Kirarin direba ba da mota ya zo ba. Kakanninmu da suka kafa unguwannin Hausawa a Garwa da Marwa da Ngaundare fatake ne, da ƙafa da jakuna suka shigo ƙasar lamidai. Kowane ayari yana da madugu, yana da jagaba mai shigewa gaba ya duba hanya, yana da uban dawaki. Madugu shi ke sanin inda ruwa yake, inda za a yada zango, wane sarki za a kai wa gaisuwa, wane daji ba a kwana. Shi ya sa ake ce masa madugu uban tafiya. Kuma ka lura, ba ranar tashi ake zuga shi ba. Ranar tashi addu'a ake yi da sadaka. Sai ayari ya dawo, an ƙirga mutane an ga sun cika, an ƙirga jakuna, sannan makaɗa suke ɗaga murya. Da mota ta karɓi aikin jaki, direba ya gaji kujerar madugu, ya gaji kirarinsa, ya kuma gaji nauyin da ke wuyansa. Yaran yanzu kirarin kawai suka riƙe.

A tasharmu ta Garwa, ranar da za a yaye karen mota, ana raba goro, malamai su yi addu'a, a karanta ayar hawa abin hawa ta cikin Suratuz Zukhrufi, maigida ya miƙa makulli a gaban manya. Maroƙi kuwa ba a gayyatarsa, da kansa yake jin ƙamshi ya zo. Idan ya zo, maigidan yake wasawa, wanda ya ɗauki yaro tun yana wanke taya da ɗaure kaya a saman mota, yana bin mota da waigi a hannu, yana kwana a ƙarƙashinta yana gadi, har ya zama mutum. Sabon direba yana durƙushe a gefe, ko sunansa ba a cika ambata ba. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Kai ko damina ɗaya ba ka ratsa da makulli a aljihunka ba, me za a faɗa a kanka?

Bari in ba ka labarin irin mutanen da suka ci sunan jarumta, don ka san kuɗinsa. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 har cikin shekarun 1990, bindigogin da suka malalo daga yaƙe-yaƙen Cadi suka cika dazukanmu, masu tare hanya da muke kira zargina suka hana kowa sakat. Sun fi fitowa ranakun kasuwa, domin sun san dillalan shanu suna tafe da kuɗi a ƙugu. Wata rana tawa motar tana gareji, na shiga motar wani dattijo ƙirar Saviem a matsayin fasinja, mun tashi daga Kuseri za mu Marwa. Tsakanin Dabanga da Waza muka tarar an gindaya itatuwa. Mutumin nan bai yi ko gezau ba. Ya taka birki a hankali, ya kashe mota, ya zare makulli ya ajiye inda kowa zai gani, ya juyo ya yi magana da Hausa, ya maimaita da Fulatanci, ya maimaita da Larabcin Shuwa: kada wanda ya gudu, kada wanda ya kalli fuskar kowa, mai goyo ta rungume ɗanta. Shi ya fara sauka, tafin hannunsa a buɗe.

Abin da suke nema a bakinsa ɗaya ne, ya nuna musu mai kuɗin. Sun san direba ya san fasinjansa, kuma ya sani ɗin, don dillalin a bayan kujerarsa yake zaune. Suka sa masa gindin bindiga a haƙarƙari, yana faɗuwa suna ɗaga shi, amsarsa ba ta sauya ba: shi kuɗin mota yake karɓa, ba ya leƙa aljihun mutane. Suka kwantar da mu, suka caje kowa, suka kwashi abin da suka samu, har agogo da takalma, suka fasa taya ɗaya suka shige daji. Wani saurayi da ya ruga duk da gargaɗin, an harbe shi a cinya. Dattijon nan, yana numfashi da ƙyar, shi ya tsaya a kan karen motarsa har aka sauya taya, ya yage rawaninsa aka ɗaure ƙafar yaron. Na ce ya ba ni in ja, ya ce a'a, shi ya ɗauko su, shi zai sauke su. Haka ya kai mu asibiti a Mora. Bayan nan, idan ya shigo tasha, 'yan kamasho tashi suke yi tsaye, kuma ban taɓa jin ya ba da labarin da bakinsa ba.

A wannan zamanin dai akwai wani matashi da ya tarar da irin wannan shinge ya ƙi tsayawa, ya sa giya ya bi ta kan itatuwan. Suka buɗe wa motar wuta ta baya. Shi ya tsira ko ƙwarzane babu, amma ya iso da gawa biyu a kujerar ƙarshe. Samarin tasha suka ɗauke shi a kafaɗa, maroƙa suka yi ta zuba masa kirarin namijin duniya. Ba na yanke masa hukunci, tsoro yana sa mutum abin da bai shirya ba, wani lokacin ma ƙin tsayawar ne ke tsirar da mota, musamman da aka shiga zamanin da ba kuɗi kaɗai ake nema ba. Amma ga abin da na gani da idona: matan nan masu fataucin busasshen kifi daga bakin tafkin Cadi, da masu albasar Marwa, waɗanda hanya ce gonarsu, sun daina shiga motarsa. Kafin su biya sai sun tambayi ɗan kamasho, wa zai ja? In aka ce shi ne, sai su zauna a kan buhunansu su jira ta gaba. Idan kana son sanin matsayinka a wannan sana'a, bakin waɗannan matan za ka saurara. Maroƙi wanda ya ba shi yake yabo, su kuwa ransu suke ba ka ajiya.

Gwamnati ta yi ta kafa rundunoni saboda zargina, har aka zo kan BIR, rundunar sojan ɗaukin gaggawa, a 2001, abin ya lafa. Sai Boko Haram ta kunno kai. A Dabanga ɗin nan aka sace iyalin Faransawa a 2013, a Waza aka kwashe ma'aikatan hanya 'yan Sin a 2014, aikin titi ya tsaya, motoci suka koma tafiya a jere da rakiyar soja. Hanyar da aka ba ka ke nan, ka fi ni sanin ramukanta na yau. A irin wannan hanya, jarumi shi ne wanda zai iya jiran rakiya awa da awanni fasinja suna zaginsa, bai ce bari in faki ido in wuce ba.

Akwai wata jarumtar da ba a yi mata waƙa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ngaundare a 1974, da safe idan ya sauke mutanen Yawunde, motoci ke kwasarsu zuwa arewa, kowa yana so a ce shi ya riga shiga Garwa. A gabansu kuwa ga gangaren Falez, inda hanya ke saukowa daga tudun Adamawa tana lanƙwasa kafin Mbe. Nan ne kirari ya kashe mutane da yawa. An zuga yaro a tasha an ce iska ba ta kamo shi, ya shiga gangare da babbar giya, yana dogara da birki har ya yi zafi ya ƙi kamawa. Gwanin gaske tun daga sama yake sa ƙaramar giya, inji yana kuka, na baya suna yi masa ham suna cewa tsoho ya tsufa. Haka kuma wanda zai dubi mai mota ido cikin ido ya ce yau ba zan fita ba sai an gyara birki, ya san zai iya rasa aikinsa da yamma. Wannan ta fi fuskantar bindiga wuya, don ba mai tafa maka.

Yanzu maganar waƙa. Mahaifiyarka tana da gaskiyarta, amma ba duka ba. A al'adarmu roƙo sana'a ce mai gidajenta da gadonta, kuma ba abin raini ba ce. Mu direbobi ma mun ci moriyarta fiye da kowa. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya waƙe direbobi da sunayensu, waƙar Bawa Direba ba tashar da ba ta shiga ba. Ɗan Maraya Jos da ɗan kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, yaron da kowa ke yi wa tsawa ya ji an ambace shi a rediyo. Kaset-kaset ɗinsu ta Mubi da Yola suke shigo mana, direba ya fi tattalinsu a kan takardun motarsa. Amma waɗannan makaɗa ne, aikinsu ke nan, da shi suke ci. Daban yake da waƙar da mai aiki ke yi wa aikinsa. Kakarka tana niƙa tana waƙa, manoma suna gayya suna waƙa, masunta a Binuwai suna jan taru suna waƙa, ba wanda ya taɓa ce musu maroƙa. Ka tuna wa mahaifiyarka wannan, amma cikin ladabi, kada ka ce ni na aiko ka.

Na san wani direba a layin Garwa zuwa Marwa da mutane ke jiran motarsa saboda muryarsa. Ba ya waƙa da rana. Sai dare ya tsala, an wuce Figil, hira ta mutu, kawuna sun fara rangaji, sannan zai ɗauko ta ƙasa-ƙasa. Garuruwan hanya yake jerawa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da abin da aka san shi da shi, inda ake sayen gyaɗa, inda shanu ke tsallaka titi, inda gada ta ƙuntata. Karen motarsa ke amshi, can sai ka ji tsofaffin mata daga baya sun karɓa. Yaran da suka yi aiki a ƙarƙashinsa da waƙar suka haddace hanya. Idan asuba ta kusa sai ya juya zuwa Ishiriniya, mota duka ta ɗauka. Da ita yake korar barci, a lokacin da wasu ke korarsa da goro da shayi, na yanzu kuma da tramol, wanda in na ji ka taɓa shi ni da kai ne. Wani Alhaji ya taɓa miƙo hannu daga baya ya liƙa masa takardar kuɗi a goshi. Bai ɓata rai ba, ya cire ta ba tare da ya ɗauke ido daga titi ba, ya miƙa wa karen motar ya ce ya sayi abin karin kumallo. Iyakar ke nan a wurinmu. Wanda ya rera don tafiya ta yi sauƙi direba ne mai murya. Ranar da ya fara ambaton sunan mai kuɗin da ke cikin mota yana jiran abin da zai fito, ya shiga sana'ar wasu, kuma su ma ba za su gode masa ba.

Batun sa waƙar a waya kuwa, ban hana ka ba, zamaninku ne. Amma na ga irin hotunan da yara ke yaɗawa, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya riƙe da waya, ido a kanta, mutum talatin a baya. Wannan kam ban yarda ba. Idan za a ɗauka, a ɗauka mota tana tsaye a tasha, ko karen motarka ya riƙe daga gefe ba tare da ka waiwaya ba. Kuma kada fuskar matan mutane ta fito, ba su biya kuɗin mota don a nuna su a duniya ba.

Saboda haka ga yadda za a yi walimar. Ka sayi goro ƙwarya ɗaya, ka kira limamin unguwa da shugabannin tasha, a dafa abinci a kai wa almajirai da 'yan kamasho. Kada ka aika wa maroƙi, amma in ya zo kada a kore shi, ka nuna masa maigidanka ka ce ga mai ranar, kuma kai za ka sallame shi daga aljihunka. Ka ɗinka wa maigidan riga, ka kai wa uwargidansa turmin atamfa, don ita ta ciyar da kai shekarun nan. Ka sanar da ni ranar da wuri saboda ƙafar nan tawa, sai na nemi kujerar gaba. Ka gaishe da mahaifiyarka da ƙannenka.

Kawunka, daga Garwa.