Xmodem, Ymodem, Zmodem ko Kermit: wanne zan zaɓa in tura fayil ta modem?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna da tsofaffin kwamfutoci biyu a wurin aiki, ɗaya a ofis ɗaya a sito, muna haɗa su da modem ta layin waya. Duk sanda zan tura fayil a HyperTerminal, manhajar Windows da muke kiran ɗayar kwamfutar da ita, sai ya jero min Xmodem, Ymodem, Zmodem da Kermit ya ce in zaɓa, kuma layin namu yana yawan katsewa. Wanne ya fi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Duka huɗun hanyoyi ne na tura fayil tsakanin kwamfutoci. Ka zaɓi Zmodem kawai, in dai ɗayar kwamfutar ma tana da shi, kuma tunda ka ce layinku na katsewa to ai babu ma wata muhawara. Zmodem ne a cikinsu aka san shi da cewa in layi ya yanke ana tsakiyar aiki, da ka sake kira zai ci gaba daga inda ya tsaya, ba sai an koma farko ba. A HyperTerminal ka duba wanda aka rubuta Zmodem with Crash Recovery, shi za ka danna. Chuck Forsberg ne ya ƙirƙiro shi a 1986, kuma abin da ya sa yake da sauri shi ne baya tsayawa jiran amsa, zuba bayanai yake ta yi, sai in ɗaya ɓangaren ya ce an samu kuskure a wuri kaza sannan ya koma can ya maimaita. Ga shi yana tura sunan fayil da girmansa, kuma mai karɓa ba sai ya danna komai ba, da kansa yake farawa.

Xmodem shi ne kakansu, Ward Christensen ya rubuta shi tun 1977. Yana yanka fayil gutsi-gutsi, bayit 128 kowanne, ya tura ɗaya ya tsaya sai an ce masa ya iso sannan ya tura na gaba, kaga wannan jiran shi ke cinye lokaci, ga kuɗin kira na tafiya. Fayil ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, ko sunansa baya turawa, kuma yakan cike gutsin ƙarshe da ciko har girman fayil ɗin ya ɗan ƙaru. Ymodem ya gyara da yawa daga ciki, gutsinsa bayit 1024 ne kuma yana tura fayiloli da yawa a jere, amma jiran nan yana nan. Akwai Ymodem-G mai gudu, dan Allah ka rabu da shi a irin layinku, kuskure ɗaya ya samu ya watsar da aikin gaba ɗaya.

Shi kuwa Kermit, na Jami'ar Columbia ne a Amurka tun 1981, kuma gaskiya ina ganin ƙimarsa sosai, don an gina shi ne ya ratsa layin da ya fi kowanne wahala da injina masu bambancin hali. Sai dai wanda ake sakawa a irin waɗannan manhajojin yawanci mai ƙananan gutsi ne, a hankali yake tafiya. Ka ajiye shi sai ranar da Zmodem ya ƙi.

Tambaya: Malam, modem ɗinmu mai gudun 33.6k ne, wato kilobit 33.6 a daƙiƙa, ina so in sayo na 56k guda biyu don aiki ya yi sauri. Ya dace?

Amsa: Hajiya ki riƙe kuɗinki. Gudun 56k yana samuwa ne kawai in ɗaya ɓangaren kamfanin intanet ne mai layin dijital, shi ma a wajen saukewa kaɗai. Modem biyu na gida in suka kira juna iyakarsu 33.6k, wato dai abin da kike da shi yanzu, megabayit ɗaya zai ci kusan minti biyar ko da sabo ko da tsoho. Abin da zai taimaka miki shi ne ki matse fayilolin su zama zip kafin ki tura, ki sa a duba wayar bango in akwai ƙara a layin, don ƙarar nan ita ke sa modem ya rage gudu da kansa. In kuma dole sai an sayi wani saboda ɗaya ya lalace, ki nemi na waje mai fitilu a gaba wanda ke da gyaran kuskure na V.42, ki kuma tabbata kwamfutar tana da mashigar da za a jona shi.