Abin da Ya Sa Ba Mu Kawo Gireda Ba Tukuna

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa muka shafe makonni muna kai da komo a wannan fili da turaka da igiya da ƙyalle a kan sanda, alhali 'yan ƙungiyar nan masu wasa da ƙananan jiragen sama na rimot ba su nemi komai daga gare mu ba face tsirin ƙasa guda mai sumul inda jiragensu za su tashi su sauka. Ka kuma ce a ganinka da an kawo gireda, wato motar daidaita ƙasa, da rola mai danne ta, da kwana uku sun isa a gama. Tambayar tana kan hanya, kuma na ji daɗi da ka yi ta tun kafin mu taɓa ƙasa, domin gyaran kuskure a wannan aiki bayan an yi daɓe yana da ɗan karen wuya.

Abin da nake so ya zauna maka shi ne, titin da za mu shimfiɗa shi ne mafi ƙanƙantar ɓangaren filin. Jirgin yana yin daƙiƙu kaɗan ne a ƙasa, sauran lokacinsa duka a sama yake. Jirgin da ke gudun kilomita 90 a awa yana cin mita 25 a kowace daƙiƙa, wato kafin mai riƙe da rimot ya ƙirga goma ya yi nisan mita 250. Saboda haka sararin da muke aunawa ya zarce titin da ɗaruruwan mitoci ta gaba da dama da hagu, kuma bai kamata a samu gida, ko hanyar mota, ko wayar lantarki a ƙarƙashinsa ba. A Amurka da Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai an ƙayyade cewa irin waɗannan jirage ba sa wuce mita 120 a sama sai da izini na musamman, kuma kowace ƙasa da tata dokar game da kusantar filin jirgin sama na gaske. Shi ya sa na ce wa shugabannin ƙungiyar su nuna mini amincewar hukumar sufurin jiragen sama da takardar yarjejeniyarsu da mai filin kafin in karɓi aikin.

Ƙyallen da kake ɗaurawa a kan sanda kullum safe da yamma kuwa, shi ne zai faɗa mana inda titin zai fuskanta. Jirgi, babba ko ƙarami, yana tashi ne kuma yana sauka yana fuskantar iska, domin saurin iskar da ke bi ta kan fiffike ita ce take ɗaga shi. Idan jirgi yana bukatar kilomita 40 a awa kafin ya ɗaga, kuma iska tana tunkarar sa da kilomita 15, to gudun kilomita 25 a ƙasa ya ishe shi. Idan kuwa iskar ta gefe take bugowa, jirgin da bai wuce kilo biyu ko uku ba sai ka ga ta juya masa kai ya nufi inda mutane suke tsaye. Mako guda bai isa a san halin iskar wuri ba, don haka nake haɗa abin da ka rubuta da bayanan masu lura da yanayi, da kuma abin da mutanen da suka daɗe suna aiki a gefen filin suka gaya mini. Inda iska take sauya wajen zuwa daga wannan yanayi zuwa wancan, mukan ƙara gajeren titi na biyu da zai gitta na farko.

Maganar rana ce ta taɓa ba ni kunya, kuma ba na so ka maimaita kuskurena. A filin farko da na yi, na bi yadda ƙasa ta kwanta na shimfiɗa titi daga kudu zuwa arewa, na tsayar da matuƙa, wato masu riƙe da rimot, suna kallon yamma. Aikin ya yi kyau a ido. Ranar da suka fara tashi, wajen ƙarfe biyar na yamma, ina tsaye bayan wani dattijo da ya shafe watanni yana haɗa jirginsa da hannu. Jirgin ya juyo ya ratsa ta gaban rana, na ga mutumin ya runtse ido ya kawar da kai, yatsunsa suka tsaya cik a kan rimot. Bai fi daƙiƙa uku ba, amma da ya sake hango jirgin ya kasa gane ko zuwa yake ko tafiya, sai ya tura sandar rimot ɗin ta inda bai kamata ba. Mun tsinto gutsattsarin a cikin ciyawa, bai ce mini uffan ba, kuma har yau ina jin nauyin wannan shirun. Tun daga ranar nake ƙoƙarin rana ta kasance a bayan matuƙi. A arewacin duniya ana so ya fuskanci arewa, a kudancinta ya fuskanci kudu, kuma ko'ina ne kallon gabas ko yamma shi ne mafi muni, saboda ranar hantsi da ta la'asar suna ƙasa-ƙasa, daidai inda jirgi yake shawagi. Idan iska da rana suka saɓa, iska nake fifitawa, sannan in tambayi 'yan ƙungiya lokacin da suka fi tashi, in zaɓi gefen titin da za su tsaya.

Ka ga na matsar da turakan nesa da jerin bishiyoyin nan, ka zaci inuwa nake gudu. Iska idan ta tsallake bishiya ko gini takan hargitse a bayansa, kuma hargitsin yakan kai nisan da ya ninka tsawon abin kamar sau goma. Bishiya mai mita 10 tana iya ɓata iskar mita 100, kuma jirgi mai saukowa a hankali ba shi da ƙarfin jure wannan.

Sai bayan duk wannan ne gireda za ta shigo. Za mu yi titi mai tsawon mita 120 da faɗin mita 20, wanda ya wadaci yawancin jiragen da suka nuna mini. Da farko za a kankare ƙasar sama, kamar santimita 10 zuwa 15, a tara ta gefe, domin ita ce mai rai da ciyawa za ta kama. A daidaita ta ƙasan, a tumɓuke saiwoyi da duwatsu, a cike duk gurbin da aka tone suri ko kututture hawa-hawa ana dannewa, in ba haka ba ruwan farko zai lotsa wurin. Kada ka nemi titin ya kwanta lebur kamar tebur. Muna so tsakiyarsa ta ɗan tasa, ya gangara gefe da gefe da kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, wato daga tsakiya zuwa baki, nisan mita 10, ya sauka da santimita 10 zuwa 20. Ido ba zai ga wannan ba, amma ruwa zai bi shi. Da tiyon ruwa da igiya za ka auna, kana sa alama a kan turke kowace mita biyar. Kafin rola ta hau, ka damƙi ƙasar a tafin hannunka: idan ta dunƙule ba ta jiƙa maka hannu ba, lokacin daɓe ya yi, idan ta wargaje ta bushe da yawa, idan ta yi caɓi a dakata.

Ina matsa maka a kan sumul ne saboda tayar waɗannan jirage ba ta wuce santimita biyar zuwa bakwai ba. Sawun kofato da kai ba za ka kula da shi ba, a wurinta rami ne da zai tuntsurar da jirgin ya karya farfela. Ciyawa mai yaɗo irin ƙiri-ƙiri na zaɓa, a riƙa aske ta zuwa santimita biyu ko uku. Kwalta ta fi sauƙin gudu, amma tana da tsada kuma ba ta yafe wa mai koyo idan ya sauko da ƙarfi. A ƙarshen titin ta kowane ɓangare za mu bar mita 30 na ciyawa mai ɗan tsayi da za ta tare jirgin da ya zarce, kuma kada ka yarda kowa ya haƙa buɗaɗɗiyar magudana a wurin.

Mutane duka gefe guda za su kasance. Za mu ja layi a bakin titin wanda jirgi ba ya tsallakewa, matuƙa su tsaya bayansa kowa da ɗan shingen raga mai kai wa ƙugu, wurin haɗa jirage ya biyo baya da tazarar mita 10 zuwa 15, sannan 'yan kallo, sannan motoci can ƙarshe. Wurin cajin batir ya zama a fili, nesa da mai da busasshiyar ciyawa, da bokitin yashi a kusa, domin batirin litiyom idan ya huje ko ya kumbura yakan kama da wuta mai wuyar kashewa.

Ƙara ma tana cikin lissafi, domin ƙorafin maƙwabta yana iya rufe filin da aka kashe wa dukiya. A Birtaniya tun 1982 ƙa'idar da ake bi ita ce kada ƙarar injin jirgin ta wuce desibel 82 (desibel ma'aunin ƙarfin ƙara ne) idan aka auna daga nisan mita 7, kuma a sarari ƙara tana raguwa da kamar desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka. Wannan ne ya sa na juya wajen shawagi zuwa ɓangaren da babu gidaje.

Gobe da asuba ka zo da littafin da kake rubuta iska a ciki da tef ɗin awo. Za mu tsaya a inda matuƙa za su tsaya mu ga ta ina rana za ta ɓullo, mu koma wurin da la'asar, kuma idan abin da muka gani ya yi daidai da turakan, zan aika a kawo gireda jibi.