An saka ni a guruf ɗin tara kuɗin Ambazoniya, ina matsayina a doka?

Wani ɗan kasuwa daga Takum ta jihar Taraba ya turo min tambaya, mahaifiyarsa 'yar wajen Nkambe ce ta Kamaru. Ya ce dangi suka saka shi a wani guruf na WhatsApp da sunan taimakon waɗanda yaƙi ya kora, ya tura dubu hamsin, daga baya aka ce tunda yana da shago da POS a riƙa turo gudummawa ta asusunsa. Yanzu maganar ta canza, ana cewa a sayi takalman daji da batir da magani "na yaran da ke daji", har an ce ya nemo matasa masu achaba da suka san hanya.

Toh ɗan uwa, Allah ya saka da alheri da ka tambaya tun abin bai yi nisa ba. Tausayin da ya kai ka ciki gaskiya ne. Tun yajin aikin lauyoyi da malaman makaranta a 2016, da ayyana 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba 2017, mutanen yankin Kamaru masu magana da Turanci, wanda 'yan aware suke kira Ambazoniya, suke cikin wuta, dubbai sun tsallako Kuros Riba da Binuwai da Taraba, kai da kake bakin iyaka ka fi ni ganin mata da goyo da ƙullin kaya a ka. Amma doka ta raba tsakanin ciyar da wanda ya gudo da ciyar da wanda ke riƙe da bindiga, kuma saƙon ƙarshe da aka turo maka ya tsallaka wancan ɓangaren.

Dokar da za a fara ɗauko maka ita ce dokar hana ta'addanci ta 2022. Mutane da yawa suna zaton sai ka sayi harsashi ne kake da laifi, wallahi ba haka ba ne. Tara kuɗi, karɓa, ajiyewa ko miƙawa alhali ka sani ko kana da dalilin sanin inda za su je, duk laifi ne, ko da ba a kai ga kashe kuɗin ba. Kaya ma haka, takalmi da batir da abinci in na mayaƙa ne sunansu tallafi. Nemo matasa kuwa shi ne ɗaukar mayaƙa, kuma irin waɗannan laifuka hukuncinsu yana farawa daga shekara 20 har ɗaurin rai da rai. Kar kuma ka ce ai yaƙin ba a Najeriya ake yi ba, dokar ta haɗa da abin da aka shirya a nan domin a aikata a wata ƙasa. Jami'an tsaro ma ba sa kallonsa a matsayin rikicin maƙwabta kawai tun da ɓangaren Ayaba Cho, ɗaya daga cikin jagororin 'yan awaren Ambazoniya, ya sanar da ƙawance da ƙungiyar 'yan awaren Biyafara ta IPOB a 2021, ga kuma harin ƙauyen Manga a ƙaramar hukumarku a ƙarshen shekarar.

Abin da ya fi damuna a labarinka shi ne asusun nan. Wanda ya buɗe guruf ɗin wataƙila yana Amurka ko Turai da lambar waje, kai kuwa BVN ɗinka da NIN ɗinka da hoton fuskarka suna manne da kowace naira da ta shigo. Ranar da za a bi sawun kuɗin ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa, a rufe asusun da jarin shagonka a ciki, kuma kotu na iya ba da izinin tsare mutum har kwana 60 ana bincike kafin ma a yi maganar gurfanarwa. Na zauna da iyalan da aka rufe wa asusu irin haka, maigida yana tsare, uwargida tana juya takardar banki a hannu ba ta san me aka rubuta ba, kuɗin makarantar yara yana ciki.

Na wajen ma ba su tsira ba. A Amurka an gurfanar da mutane a 2022 kan tara kuɗi da kuma safarar makamai domin wannan yaƙin, a ƙasar Norway an kama Ayaba Cho a Satumba 2024. A nan Abuja aka kama shugaban 'yan awaren, Sisiku Ayuk Tabe, da abokansa a Janairu 2018 aka miƙa su Kamaru, babbar kotun tarayya ta ce a 2019 miƙawar ta saɓa doka, amma duk da haka kotun soja a Yawunde ta yanke musu ɗaurin rai da rai a Agustan shekarar. Kaga kenan samun gaskiya a takarda daban, dawowa gida daban. Shi ya sa nake roƙonka kar ka tsallaka Kamaru da wannan wayar, dokarsu ta ta'addanci ta 2014 kotun soja take kai farar hula.

Dubu hamsin ɗinka ta farko, in da gaske lokacin maganar 'yan gudun hijira ake yi, kana da kariya mai ƙarfi domin sani da niyya su ne ƙashin bayan laifin. Amma daga ranar da aka rubuta "yaran da ke daji" ka karanta, ba za ka ƙara cewa ban sani ba.

Don haka ka tsaya cak daga yau. Kar ka ƙara karɓa, kar ka tura abin da ke hannunka gaba, kuma kar ka yi gaggawar mayar wa kowa kuɗinsa kafin lauya ya duba, saboda mayar wa mai guruf ɗin ma miƙawa ce. Kar ka goge komai dan Allah, na san zuciya za ta ce share, alhali saƙonnin farko su ne shaidar cewa da sunan jinƙai aka jawo ka, gogewa kuma kamannin mai ɓoye laifi take ba mutum. Ka ɗauki hoton allo, ka karɓo sitetimen daga banki, ka rubuta cewa a daina amfani da asusunka sannan ka fita. Matasan achaba kuwa ko sunan mutum ɗaya kar ka bayar. Sai ka samu lauya ido da ido a satin nan, in babu hali ofishin Legal Aid, wato lauyoyin gwamnati masu taimakon marasa hali, kyauta ne, ku tattauna kai rahoto da kanka, domin ɓoye bayani ma dokar ta hukunta shi, kuma wanda ya je da lauyansa ba a karɓarsa kamar wanda aka ɗauko da asuba. In an riga ka aka gayyace ka, sashe na 35 na tsarin mulki ya ba ka damar yin shiru har ka ga lauya, kar ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba.

Taimakon dangi kuma ƙofarsa a buɗe take. Buhun masara ga gwaggonka da ta gudo Takum ba laifi ba ne, ka ba ta hannu da hannu. In gudummawar jama'a kuke so ku bi ta hukumar 'yan gudun hijira ta ƙasa ko Red Cross, ko ku yi rajistar ƙungiya a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ku karɓi takardar SCUML, sashen EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram, asusu da sunan ƙungiya, kowane buhu da rasit da sunan wanda ya karɓa.