Tambaya da Amsa: Da wace manhaja zan raba faifan Windows 11?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu da fotokwafi a Zariya. Kwanan nan na sayi laftof na hannu mai Windows 11, faifansa SSD ne mai gigabait 512, amma a dunƙule yake, C kaɗai. Ni kuma na saba raba faifai gida biyu, C na Windows, D na ayyukan kwastomomi. Ina da CD na Partition Magic tun zamanin XP, na gwada ya ƙi hawa. Wani yaro a kasuwa ya ce zai tura mini wata manhajar da aka fasa a filashi. Sannan babbar kwamfutar shago tana kan Windows 10, C ɗinta ya cika har ya yi ja, D kuwa fili fal, ina kuma so in mai da ita 11. Wacce za ka ba ni shawara in ɗauka? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka gode wa Allah da CD ɗin nan ya ƙi hawa. Partition Magic ta yi zamaninta, ba wanda zai musa, amma sigarta ta ƙarshe ta fito ne a 2004, kuma kamfanin Symantec da ya sayi PowerQuest mai ita ya daina sayar da ita a 2009. Tsari ɗaya ta sani na rubuta taswirar faifai, wanda ake kira MBR. Shi wannan tsarin manyan ɓangarori huɗu yake ɗauka, kuma ba ya ganin abin da ya haura terabait 2. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana zama ne a kan sabon tsari mai suna GPT, inda za ka iya yanka har ɓangare 128, tare da UEFI, wato sabuwar hanyar tayar da kwamfuta. Tsohuwar manhaja idan ta dubi faifan GPT, abin da take gani ɓangare ne guda da ba ta san kansa ba, idan kuma ta yi yunƙurin "gyara" shi, kwamfutar ba za ta sake tashi ba. Akwai wata illar da ba a cika lura da ita ba: manhajojin zamanin XP suna fara ɓangare a sashe na 63 na faifai, alhali tun daga Vista ake farawa a na 2048. A kan SSD wannan karkacewar tana rage gudun rubutu.

Ta yaron kasuwa kuwa, ce masa ka gode. Manhajar raba faifai tana aiki da cikakken iko a kan duk abin da ke cikin kwamfuta, ita ce ta ƙarshe da mai hankali zai yarda ya ɗora wadda wani da bai sani ba ya yi wa kutse. Ballantana ma aikin da kake so a laftof ɗin ba ya buƙatar ka sauke komai.

Danna dama a kan maɓallin Start, ka zaɓi Disk Management. Faifanka na 512 zai nuna kusan gigabait 476. Ba cutarka aka yi ba, lissafin masu ƙera faifai ne ya bambanta da na Windows. Za ka ga wasu 'yan ƙananan ɓangarori marasa harafi a gefen C, ɗaya an rubuta EFI, ɗaya Recovery. Kar ka taɓa su. Na EFI bai wuce megabait 100 zuwa 260 ba a yawancin kwamfutoci, amma daga cikinsa Windows take tashi. Danna dama a kan C, zaɓi Shrink Volume, ka rubuta yawan abin da kake so a yanke da megabait. Ni dai da nawa ne zan bar wa C gigabait 200, wato in rubuta wajen 280000. Baƙin filin da ya bayyana sai ka danna masa dama, ka zaɓi New Simple Volume, ka ba shi harafin D. Shi ke nan. Wani lokaci Windows takan ƙi ba ka duk abin da ka nema, saboda akwai fayilolin da ba ta iya gusar da su tana cikin aiki, kamar na hibanet da na System Restore. Kashe su na ɗan lokaci, ka sake kunna kwamfutar, ka kuma gwadawa.

Amma kafin duk wannan, akwai abin da nake so ka duba, kuma shi ne ya fi damuna da laftof na hannu. Windows 11 tana yawan kulle faifai da BitLocker ba tare da mai kwamfutar ya sani ba, musamman daga sigar 24H2 idan an shiga da asusun Microsoft. Mabuɗin buɗewa lamba ce mai alƙaluma 48, kuma tana iya kasancewa a asusun wanda ya sayar maka, ko na mai gyaran da ya ɗora Windows ɗin. Muddin komai na tafiya daidai ba za a tambaye ka ita ba. Ranar da aka taɓa tsarin tashin kwamfutar ne shuɗin allo zai fito yana neman lambar, kuma idan babu ita, ayyukan kwastomominka sun tafi, ko injiniyan da ya fi kowa ba zai ciro su ba. Buɗe Command Prompt a matsayin Administrator ka rubuta manage-bde -status. Idan ya nuna BitLocker na kunne, rubuta manage-bde -protectors -get C: ka kwafe lambar a takarda da biro, ka adana a gida, ba a cikin kwamfutar ba. Disk Management tana iya rage C ko da BitLocker na kunne, wannan ma wani dalili ne da ya sa na fifita ta a kan manhajojin waje.

Babbar kwamfutar shago ita ce mai ɗan aiki. Idan ka rage D, za ka tarar Extend Volume a kan C a dushe yake, ba ya dannuwa. Dalili shi ne filin da ka samar yana bayan D, shi kuwa C sai da fili a manne da shi ta hannun dama yake faɗaɗa. Kamar mai gida ne da ke son ƙara ɗaki, ga fuloti babu kowa amma gidan maƙwabci ya shiga tsakani. Disk Management ba ta iya matsar da ɓangare daga inda yake, kuma a nan ne kaɗai manhajar waje take da abin yi.

Waɗanda aka sani su ne MiniTool Partition Wizard, AOMEI Partition Assistant da EaseUS Partition Master, dukkansu suna da sigar kyauta, sai dai wasu ayyukan a rufe suke sai an biya. Akwai kuma GParted, kyauta ce gaba ɗaya, ana ɗora ta a filashi da Rufus ko Ventoy a tayar da kwamfuta da ita. Ita na fi yarda da ita domin tana aiki Windows na kashe, ba ta kuma damun mutum da tallace-tallace, amma ba ta kiran ɓangarori da C da D, sai sunaye irin sda2 da sda3, don haka da girmansu za ka gane wane ne wane. Ba ta rage ɓangaren da BitLocker ya kulle, kuma takan ƙi taɓa C idan Fast Startup, tsarin Windows na saurin tashi, na kunne. Umarnin powercfg /h off yana kashe shi. Kowacce ka ɗauka, daga shafin masu ita za ka sauke, sabuwar siga, ka kuma ga sun rubuta ƙarara cewa tana aiki da Windows 11 da GPT. Kar sunan manhaja ya ruɗe ka: wadda ta fito kafin 2021, ko da sunanta ɗaya da ta yau, ba ita ake nufi ba.

Sai dai in gaya maka gaskiya, ni ba zan matsar da D ba. Matsarwa na nufin a kwashe duk abin da ke ciki a sake rubuta shi a wani wuri, a tsohon faifai mai juyawa yakan ci awanni, kuma babbar kwamfuta ba ta da batir. A ɗauke wuta ana tsakiyar aikin, D ya lalace. Tunda ko ta wace hanya ka bi dole ne ka fara kwafe D zuwa faifan waje, to ka riga ka yi rabin aikin: kwafe, buɗe wasu fayilolin ka tabbatar sun kwafu lafiya, goge D, faɗaɗa C, sake yanka D a ragowar, mayar da kayanka. Idan bayan gogewar filin ya fito kore an rubuta Free space, sake danna masa dama ka goge shi, sai ya koma baƙi, sannan C zai karɓa. (Faifan wajen nan ka ci gaba da amfani da shi. D ba madogara ba ce. Faifai ɗaya suke da C, ranar da ya mutu tare za su tafi.)

Batun mai da ita 11, kana da gaskiya ka yi tunaninsa, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Fara da manhajarsu ta PC Health Check. Ana buƙatar TPM 2.0, wato sashen tsaro na cikin kwamfuta, kuma a ɓangaren Intel galibi daga furosesa ta ƙarni na 8 zuwa sama. Idan taka ba ta kai ba, kar ka wahalar da faifan. Idan ta kai, shiga Disk Management, danna dama a kan Disk 0, Properties, sannan Volumes, ka ga ko MBR ne. In shi ne, Windows 10 tana da nata kayan aikin tun sigar 1703, sunansa mbr2gpt, yana juya faifai zuwa GPT ba tare da goge komai ba. Rubuta mbr2gpt /validate /allowFullOS ka ga ko zai yarda. Sharaɗinsa kar manyan ɓangarori su wuce uku, kar kuma a samu irin wancan ɓangaren mai koren zagaye, don haka ya fi sauƙi ka yi juyin bayan ka goge D, kafin ka sake yanka shi. Idan ya amince, sauya kalmar validate da convert. Da ya gama, shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka mayar da tashin kwamfutar daga Legacy, tsohuwar hanyar, zuwa UEFI, in ba haka ba za ta ce maka ba ta ga faifan da za ta tashi da shi ba.