Mu biyar ne a dutin dare, ina amfanin fom?

Ɗana, na ji tambayar da ka yi mini jiya muna wanke hannu bayan mun rufe murfin injin jirgin sama. Ka ce, "Oga, aikin mutum takwas mu biyar muke yi, sannan a ɗebe biyu a kai su aji har kwana uku wai kwas ɗin SMS, tsarin kiyaye haɗari. Wannan ba ɓata lokaci ba ne? Kuma in na cika fom na ce na yi kuskure, ba ni za a fara kora ba?" Ban amsa maka nan take ba don gajiya ta ci ƙarfina, kuma tambayar ba ta amsawa a tsaye ba ce.

Bari in fara da labarin wani ɗan sana'armu. Ranar 10 ga Yunin 1990, wani jirgin British Airways ƙirar BAC 1-11 ya tashi daga Birmingham ta Ingila zai tafi Malaga a Sifen. Yana kai ƙafa 17,300 sai gilashin gaba na ɓangaren kyaftin ya yi tsalle ya fice, iska ta fizge matuƙin, Tim Lancaster, rabin jikinsa a waje. Ma'aikatan jirgin suka riƙe shi ta ƙafafu kusan minti 20, har mataimakinsa ya sauke jirgin a Southampton. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Da masu bincike suka duba, noti 90 ne ke riƙe gilashin. Guda 84 sun gaza kaurin da ake buƙata da abin da bai kai milimita ɗaya ba, sauran 6 kuma kaurinsu daidai amma sun yi gajarta. Wanda ya ɗaura su ba yaro ba ne kamar ka. Shugaban dutin dare ne, gogagge, wanda kowa ya yarda da hannunsa. A daren ma'aikata ba su cika ba, shi kuma yana son jirgin ya fita a kan lokaci, sai ya naɗe hannun riga ya kama aikin da kansa. Bai buɗe kundin kayan gyara ya duba lambar notin ba. Ya ɗauki tsohon da ya kwance ya je yana gwadawa da ido, a wurin da haske bai wadata ba, babu tabarau a fuskarsa. Mai kula da sito ya faɗa masa irin notin da ake sa wa gilashin, bai bi maganarsa ba. Ya gama, ya sa hannu da kansa, kuma babu wanda ya sake dubawa, don a ƙa'idar lokacin ba a lissafa aikin cikin waɗanda sai mutum na biyu ya bi baya ba.

Ka duba da kyau. Mutumin nan ba ragwanci ne ya kai shi ba, himma ce. Kuma duk daren da muka kwana mu biyar a rumfar nan, irin himmar da nake gani a idonku ke nan, ita ce kuma take hana ni barci.

Abin da kake ji ana kira SMS tsari ne na farauto haɗari tun bai faru ba. Hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta tattara shi a kundin ƙa'idojinta na 19, wanda ya fara aiki a Nuwamban 2013, a nan gida kuma NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ke bin kamfanoni a kai. Ginshiƙansa huɗu: manufar da shugaban kamfani ya ɗauki alhakinta, gano haɗari da auna girmansa, bibiyar ko maganin da aka sa yana ci, sai horarwa da wayar da kai. Wannan za su karanta muku a aji, ba sai na tsaya ba.

Inda ka yi gaskiya shi ne tsarin yana cin mutane, mu kuwa ba mu da su. Kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta daɗe tana yaye ɗalibai, amma takardar makaranta daban, lasisi daban. Sai ka yi shekaru a ƙarƙashin mai lasisi, ka ci jarrabawa, sannan a tura ka kwas na irin jirgin da za ka riƙa sa wa hannu. Kamfani ya kashe kuɗi ya raini mutum, ranar da ya nuna sai wani mai albashin dala ya ɗauke shi. Ba na ganin laifin wanda ya tafi, iyali gare shi. Amma wanda ya tafi ba lasisinsa kaɗai ya ɗauka ba, ya tafi da kunnen da ke jin canjin ƙarar famfo tun allon matuƙi bai nuna komai ba. A ƙananan kamfanoni kuma sau da yawa za ka tarar jami'in kiyaye haɗari mutum ɗaya ne da aka ɗora wa wasu ayyuka biyu. Rahoto ya taru a teburinsa, wanda ya rubuta bai ji amsa ba, gobe ba zai sake rubutawa ba. Irin wannan na tsana, kuma ina faɗa a gaban manya.

Kwas ma iri biyu ne. Akwai wanda za a haska muku rubutu a bango, ku sha shayi, a raba takardar shaida don a nuna wa masu bincike. Wannan kam ɓata lokaci ne. Na gaskiya shi ne wanda za ka dawo kana iya kiran abin da ke damunka da sunansa. A 1993 wani ma'aikacin hukumar sufuri ta Kanada, Gordon Dupont, ya jera abubuwa 12 da ke jefa makanikin jirgi cikin kuskure. Gajiya na ciki, da matsin lamba, da ƙarancin kayan aiki da mutane, da "ai haka muka saba yi". Wanda ya fi taɓa mu shi ne kasa buɗe baki a gaban babba. An raine mu da kunya, kuma tarbiyya ce mai kyau, amma in ka ga na ɗauki notin da ba shi ba ka yi shiru don furfurata, ka cuce ni, ka cuci mutanen da za su hau. Mai siton nan na Birmingham ya yi magana sau ɗaya. Ni so nake ka maimaita har sai na ajiye sifana na buɗe kundi.

Batun kora kuwa, ga abin da ya faru da ni. Ina da shekara biyu a aiki, wani dare wajen ƙarfe huɗu na asuba na zo mayar da kaya kan allo, sai na ga gurbin ƙaramar tocilata fayau, zanen siffarta kawai ke kallona. Jirgin an riga an ja shi waje. Gumi ya keto mini. Na tsaya kusan minti biyar zuciyata na ce mini wataƙila a mota na bar ta. Daga ƙarshe na je na faɗa wa maigidana. Bai ɗaga murya ba, ya ɗauki rediyo ya ce a dakatar da jirgin. Muka same ta a ramin taya, kwance kusa da bututun man birki. Jirgi ya yi lattin awa guda, na cika fom hannuna na rawa. Ba a kore ni ba. Abin da ya biyo baya, aka sa dokar ƙirga kayan aiki kafin a rufe kowane murfi, ba bayan an tashi daga aiki ba. Ƙa'idar ita ce kuskuren da mutum ya yi ba da gangan ba kuma ya kawo kansa, gyara ake nema da shi. Wanda ya sa hannu a aikin da bai yi ba, ko ya ɓoye ɓarna, wannan hukunci ne, kuma ni zan fara kai shi. Ba kowane manaja ke riƙe wannan amana ba, na sani, shi ya sa rahotonka zai bi ta hannuna.

Ƙarancin nan namu da kake kuka da shi, shi kansa haɗari ne da ake rubutawa, kamar tsagewar taya. Yau in ka zo duti ka karɓi fom a ofis. Rubuta mu nawa ne, katin aiki nawa aka ba mu, awa nawa kowa ya yi a makon nan, da aikin da mai lasisi ɗaya ya yi kuma ba a sami na biyu da zai duba ba. Zan sa hannu kusa da naka, Litinin in kai shi taro da kaina. Kwas kuma sunanka na cikin rukuni na gaba, na riga na gyara jadawali yadda ranakun ba za su faɗo kan babban binciken jirgi ba.